In Faifan Ajiya Ya Fara Ciwo: Alamominsa da Hanyar Bincikensa





GABATARWA

Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda mutum zai gane cewa faifan ajiya na kwamfutar gidansa ya kama hanyar lalacewa, da kuma abin da ya kamata ya yi in ya gane. Kafin in shiga cikin ƙarafa da wayoyi, ina so mu fara leƙa unguwar Madabo a cikin birnin Kano, domin a can za mu ga dalilin da ya sa wannan magana ta wuce ta makanikai kaɗai.

Madabo tana daga cikin tsofaffin cibiyoyin ilmi na ƙasar Hausa, kuma tarihinta a haɗe ya ke da na Wangarawa. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwansu daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), a ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaite. Wani littafin kuma, Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a shekara ta 1061 Hijira, watau tsakanin 1650 da 1651, ya kai zuwan nasu zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Marigayi Muhammad Al-Hajj shi ya buga wannan littafi a mujallar Kano Studies cikin 1968. Makarantar Madabo ta shahara da karantar da fiƙihun Malikiyya, musamman Mukhtasar na Shehu Halil, kuma daga nan ne sarautar Babban Malami ta ke.

To, me ya sa rubutun da aka yi fiye da shekara 370 ya iso gare mu? Takarda dai ba ta da alkawari da gara, ko ruwan damina, ko gobara. Abin da ya kawo shi shi ne al'adu biyu na malamanmu. Ta farko kwafi: ɗalibi ya zauna ya juyi littafin malaminsa da hannu, littafi ɗaya ya zama biyu, biyu su zama goma, su watsu gidaje da garuruwa. Ta biyu muƙabala: in an gama juya, sai a zauna mutum biyu, ɗaya na karanta asali, ɗaya na bin sabon kwafi da ido, a gyara abin da alƙalami ya tsallake. Ina roƙonku ku riƙe waɗannan kalmomi biyu, domin duk laccar nan a kansu ta ke tsaye.

A yau jikokin masu gafaka suna ɗaukar hoton littattafan kakanninsu shafi shafi, suna naɗar karatun malamai da tafsirin azumi, suna tarawa a kwamfuta. Wasu kan keɓe kwamfuta guda a gida, a bar ta a kunne dare da rana, ta zama rumbun da kowa ke ɗiba ta wayarsa. Ita ce masu sana'a ke kira saba. Cikinta kuwa akwai faifan ajiya, wanda shi ne ainihin rumbun. Sau da yawa mai gida ya kan ɗauka cewa tun da abu ya shiga kwamfuta, ya tsira. Haƙiƙa kuwa takardar da ke cikin gafaka ta fi faifan nan tsawon rai nesa ba kusa ba.

YADDA FAIFAN YA KE AIKI

Wanda ya san garmaho ya riga ya san rabin bayanin. A cikin akwatin ƙarfen nan akwai faya-fayai na alminiyam ko gilashi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, suna juyawa a kan sanda ɗaya. Akwai kuma hannu mai ɗauke da wata 'yar allura da ke rubutu da karatu. Bambancinsa da garmaho shi ne allurar ba ta taɓa faifan. Tana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai.

Kamfanin IBM na Amurka shi ya fara fito da irin wannan na'ura a 1956. Tana da faya-fayai 50, kowanne faɗinsa inci 24, duka kuwa abin da su ke ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yau, wanda zai shiga aljihun babbar riga, yana ɗaukar ninkin wannan sau miliyan ko fiye. Galibinsu suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Mai 7,200 ɗin yana zagayawa sau 120 a daƙiƙa, watau fiye da sau miliyan 10 a kwana guda. Abin da ke irin wannan gudu ba hutawa, tilas wata rana ya gaji.

An rarraba fuskar faifan zuwa ƙananan gurabu. A da kowane gurbi yana ɗaukar bayit 512, amma daga wajen 2010 aka koma 4,096. Masu ƙera shi sun san wasu gurabun za su mutu, saboda haka su kan ɓoye waɗansu a gefe. In gurbi ya lalace, faifan da kansa zai soke shi, ya ɗauko ɗaya daga na ajiya ya maye gurbinsa, ba tare da ya shawarci mai shi ba. Wannan dabara ce mai kyau, amma ita ce kuma ke ɓoye ciwo har ya yi nisa.

ALAMOMIN FARKO

Alamomin da mai gida zai fara lura da su iri uku ne. Na farko na kunne: ƙara irin ta ƙwanƙwasa mai maimaituwa, ƙas, ƙas, ƙas, ko ƙarar gurza, ko kuma a ji faifan ya tashi, ya mutu, ya sake tashi. Na biyu nauyi: fayil da a ke buɗewa nan take ya koma sai an jira, kwafi ya yi ta gudu sa'an nan ya tsaya cik a wuri ɗaya kullum. Dalili shi ne allura tana ta maimaita karatun gurbin da ya ƙi karantuwa, kamar ɗalibin da ya cije a aya ɗaya. Na uku ɓarna a fili: hoton shafi ya buɗe rabinsa toka-toka, karatun da aka naɗa ya yanke a tsakiya, ko faifan ya ɓace daga kwamfuta sai an kashe an kunna.

Sai dai kuma a yi hattara. Duk waɗannan alamomi, in ban da ƙarar gurza, waya mai sako-sako tana iya kawo su. Akwatin wutar kwamfuta da ya raunana yana iya kawo su. Kamar zazzaɓi ne: yana nuna akwai ciwo, amma bai faɗi wane ciwo ba. Shi ya sa a ke bukatar bincike bisa tsari.

MATAKI NA FARKO: KWAFI KAFIN BINCIKE

A nan mutane da yawa ke yin asara. Da zarar sun yi zargi, sai su hau gwaje-gwaje, su sa faifan ya kwana yana karanta kansa daga farko har ƙarshe. In kuwa sauran ransa sa'o'i goma ne, sun ƙarar da su wajen tambayarsa lafiyarsa, maimakon su kwashe abin da ke cikinsa. Wanda ya ga hayaƙi a ɗakin littattafai, littattafan zai fara fitarwa, sa'an nan ya nemi inda wutar ta taso.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce: a daina rubuta kome a kan faifan, a nemo wani lafiyayye, a fara kwashe abin da ba shi da madadi. Hoton littafin da asalinsa ya riga ya ruɓe, da muryar malamin da ya riga mu gidan gaskiya, su ne a gaba. Fina-finai da abin da za a iya sake saukowa daga intanet su jira.

In kwafi na yau da kullum yana cijewa, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna GNU ddrescue, wadda Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Hikimarta ita ce ta kan fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu wuya, sa'an nan ta dawo kansu daga baya, tana kuma rubuta inda ta tsaya, ta yadda ko wuta ta ɗauke za a ci gaba daga nan. Amma in ƙarar gurza ko ƙwanƙwasa a ke ji, kuma abin da ke ciki mai daraja ne, to a kashe shi nan take a nemi ƙwararru, domin wataƙila allura ta riga ta sauka a kan faifai, kowane juyi kuwa kankare rubutu ya ke yi.

MATAKI NA BIYU: A TAMBAYI FAIFAN

Tun tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera faifai suka amince da wani tsari da a ke kira S.M.A.R.T., wanda ke sa faifan ya riƙa ƙirga abin da ke faruwa da shi. Ana karanta wannan ƙidaya da manhajar smartmontools, wadda Bruce Allen ya fara a 2002, ko kuma CrystalDiskInfo ga masu Windows. Za a ga jerin lambobi masu yawa, amma waɗanda suka fi muhimmanci kaɗan ne:

Lamba 5: yawan gurabun da suka mutu aka maye su.
Lamba 197: gurabun da suka ƙi karantuwa, suna jiran hukunci.
Lamba 198 da 187: kurakuran karatu da faifan ya kasa gyarawa.
Lamba 188: umurnin da faifan ya kasa cikawa cikin lokaci.
Lamba 199: kurakuran da suka faru a hanya, tsakanin faifai da kwamfuta.
Lamba 9: yawan sa'o'in da ya yi a kunne.
Lamba 194: zafin jikinsa.

A lafiyayyen faifai, 5 da 187 da 197 da 198 duk sifiri ya kamata su nuna. In 199 ce kaɗai ke hawa, sauran suna sifiri, to galibi laifin waya ne ko mahaɗinta, faifan kuwa ba ruwansa. Lamba 9 kuma a raba ta da 8,760, watau sa'o'in shekara guda: faifan da ya nuna 43,800 ya yi shekara biyar cur yana juyi. Wannan ya kamata mai sayen na gwanjo ya duba tun a kasuwa, ko da ya ke marasa tsoron Allah suna iya goge ƙidayar.

Abubuwa biyu su kan ruɗi sabon shiga. Na ɗaya, faya-fayan kamfanin Seagate su kan nuna miliyoyi a lamba 1 da lamba 7 alhali lafiyarsu lau, domin salon ƙidayarsu ke nan. Na biyu, kuma shi ya fi haɗari, manhaja ta kan rubuta a sama cewa faifan ya ci jarrabawa, alhali gurabu ɗari sun mutu. Wannan hukunci na jimla ba ya canzawa sai ciwo ya kai gargara. A bar shi, a dubi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kuma abin lura shi ne motsin lamba fiye da girmanta: gurabu 8 da suka shekara ba su ƙaru ba sun fi sauƙi a kan 2 na jiya da suka zama 20 yau. Don haka a rubuta su a takarda tare da kwanan wata.

MATAKI NA UKU: GWAJI DA WARE MAI LAIFI

Bayan an kammala kwafi, sai a sa faifan ya gwada kansa. Akwai gajeren gwaji na kamar minti biyu, akwai dogo wanda ke bin kowane gurbi, ya kan ɗauki sa'o'i da yawa gwargwadon girman faifan. In dogon ya tsaya da kuskuren karatu, zai faɗi lambar gurbin da ya tsaya a kai. A duba kuma littafin rahoton da kwamfuta ke rubutawa da kanta. In kuskure yana faɗawa a kan gurbi ɗaya kullum, ciwon a jikin faifai ya ke. In kuwa rahoton yana cewa layi ya katse ya sake haɗuwa, ba tare da wani gurbi takamaimai ba, sai a zargi waya ko wuta.

Daga nan sai a bi hanyar warewa, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. A sauya waya, a gwada. A sauya mahaɗi, a gwada. A ɗauki faifan a kai shi wata kwamfuta, a gwada. In matsala ta bi shi can, shi ne mai laifi. In ta tsaya a gida, to an kusa jefar da lafiyayyen faifai a banza. Wanda ya canza abu uku gaba ɗaya, ko ya warke bai san abin da ya warkar da shi ba.

IYAKAR ABIN DA BINCIKE ZAI IYA

Yanzu tambaya: in duk lambobi sun nuna sifiri, mun tsira ke nan? A 2007 wasu masana uku na kamfanin Google, Pinheiro da Weber da Barroso, suka buga sakamakon nazarin faya-fayai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya maye gurbinsa na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har fiye da sau 14. Wannan ya nuna alamar gaskiya ce, ba a wasa da ita. Amma sun kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama ta S.M.A.R.T. ba ko ɗaya. A 2016 kamfanin Backblaze, mai sana'ar ajiye bayanai, ya ba da nasa lissafin: wajen kashi 77 cikin 100 na waɗanda suka mutu a hannunsa sun yi gargaɗi a ɗaya daga lambobi 5, 187, 188, 197 da 198, sauran kashi 23 kuwa sun tafi ba sallama.

Ma'anar wannan a fili ta ke. In faifai ya ce ba shi da lafiya, a gaskata shi. In ya ce lafiyarsa lau, a saurare shi da kunne ɗaya. Haka abin ya ke ga sabon nau'in nan marar juyi da a ke kira SSD: ba ya ƙara, ba ya gurza, sau da yawa sai dai a wayi gari kwamfuta ba ta ganinsa.

ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

Waɗancan alkaluma daga ɗakuna masu sanyi da tsayayyar wuta aka samo su. Mu namu faifan yana fama da abokan gaba uku. Na farko zafi: a watan Afrilu zafin Kano ya kan kai digiri 40, faifai kuwa kullum ya fi ɗakin da ya ke ciki zafi, alhali yawancin masu ƙerawa sun sa iyakarsa a wajen digiri 60. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka da ƙofofin iska, zafin ya ƙaru. Na uku, wanda ya fi su ɓarna, ɗaukewar wuta da hawa da saukarta, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta. In wuta ta yanke faifai yana tsakiyar rubutu, gurbin ya kan zauna rabi da rabi, ya bayyana a lamba 197 kamar matacce, alhali in aka sake rubutu a kansa sai ya warware. Saboda haka a wurinmu 197 guda ɗaya bayan ɗaukewar wuta tana bukatar a sa ido, amma mai ƙaruwa mako bayan mako hukuncinta canji. Maganin waɗannan sananne ne: batirin tsaro ko inbata tsakanin kwamfuta da bango, wuri mai iska nesa da ƙasa, da share ƙura a kai a kai.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi. Kada a buɗe murfin faifai a ɗaki ko a shago, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allura girma. Kada a sa shi a firji, kada a bubbuge shi. Kada kuma a saki manhajojin gyaran fayil irin su chkdsk ko fsck a kansa kafin kwafi, domin rubutu su ke yi a kan abin da a ke son ceta.

KAMMALAWA

Jama'a, wasu za su ce ai sabarsu tana da faifai biyu masu kwaikwayon juna, tsarin da a ke kira RAID. Yana da amfani, amma abin da aka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, tsawa ko ɓarawo kuwa ba ya ɗaukar ɗaya ya bar ɗaya. Littafi biyu a gafaka ɗaya, gara ɗaya ke cin su. Ƙa'idar da masana suka yarda da ita, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ita ce 3, 2, 1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gida dabam. In ɗaya yana Madabo, ɗaya ya kwana a Fagge ko Zariya. A watan Janairu na 2013 an ƙona ko an kwashe littattafai wajen 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu, amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, domin a warwatse su ke a hannun iyalai, an kuma fitar da su a ɓoye zuwa Bamako.

Sa'an nan kwafi ba ya cika sai da muƙabala. Kwamfuta tana iya fitar wa kowane fayil wani hatimi na lissafi, irin su SHA-256, wanda in harafi ɗaya ya canza, hatimin zai canza. Tsarin ajiya irin ZFS yana yin wannan muƙabala da kansa in an umurce shi, wata wata. Wanda ba shi da wannan, ya riƙa buɗe kwafinsa lokaci lokaci yana tabbatar da cewa yana karantuwa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A taƙaice, in kun yi zargin faifai: ku kwashe tukuna, ku karanta lambobinsa, ku gwada shi, ku ware waya da wuta, in ya tabbata shi ne ku canza shi ba tare da jinkiri ba. Kuɗin sabon faifai ana iya nemansa. Muryar malamin da ya rasu, da shafin da gara ta cinye asalinsa, babu kasuwar da a ke sayar da su. Malaman Madabo sun karɓi amana a takarda, suka juya, suka yi muƙabala, suka miƙo mana. Tambayar da ta rage ita ce ko na bayanmu za su sami abin da za su buɗe.